Tambaya da Amsa: Ziyarar Larnaka da Kabarin Ummu Haram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a wata jami'a a arewacin tsibirin Saifurus, kuma ina da niyyar kai masa ziyara. Na ji an ce akwai kabarin wata sahabiya a bakin wani tafkin gishiri a birnin Larnaka. Shin gaskiya ne? Yaushe ya fi dacewa in je, kuma yaya batun abinci?
Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji haka yake. A gefen tafkin gishirin Larnaka, kusa da filin jirgin sama, akwai masallacin da ake kira Hala Sultan Tekke, inda ake danganta kabarin Ummu Haram bint Milhan, matar Ubada ɗan Samit, Allah Ya yarda da su. Ita ce wadda hadisin Bukhari ya ruwaito ta roƙi Annabi (SAW) ya yi mata addu'ar shiga cikin waɗanda za su hau teku saboda Allah. Ta bi rundunar Mu'awiya zuwa Ƙubrus, kamar yadda Larabawa ke kiran tsibirin, a zamanin halifa Usman, wajen shekarar 649, kuma a nan ta faɗo daga kan abin hawanta ta rasu. Masallacin kuwa Turkawan Daular Usmaniyya ne suka gina shi daga baya.

Sai dai kafin ki sayi tikiti, akwai abin da nake so ki fi mayar da hankali a kai. Tsibirin a rabe yake tun 1974, kuma Larnaka tana ɓangaren kudu ne, wato Jamhuriyar Saifurus, wadda ba ta amince da shigowa ta filin jirgin Ercan na arewa ba. Saboda haka takardar da ta kai ki wurin ɗanki ba za ta wuce da ke zuwa kabarin ba, ko da yake a taswira tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ki nemi bizar kudu tun daga gida, ki tambayi ofishin jakadancinsu ƙa'idar tsallakawa, domin abin takaici ne mutum ya yi doguwar tafiya ya tsaya yana hangen wurin daga nesa.

Game da lokaci, tafkin fuska biyu gare shi. Daga Nuwamba zuwa Maris yakan cika da ruwan sama, tsuntsayen filamingo masu dogayen ƙafafu da jaja-jajan fukafukai su sauko dubbai suna kiwon ƙananan jatan lande, hasumiyar masallacin da dabinonsa kuma suna bayyana a cikin ruwan. Da bazara kuwa ruwan yakan ƙafe, ya bar farin ɓawon gishiri mai ɗaukar ido, wanda aka daina haƙa tun shekarun 1980. Ni dai lokacin sanyi na fi so miki, don zafin Yuli da Agusta yana da tsanani.

Abinci shi ne inda ake buƙatar lura. Naman alade ya yawaita a girkin kudu: tsiren da suke kira sufilaki da kuma sheftaliya galibi da shi ake yi, wasu miyoyin ma da giya ake dafa su. Kada ki ji nauyin tambaya kafin a zuba miki. Kifi shi ne mafi kwanciyar hankali, kuma ana samunsa sabo a gidajen abincin bakin teku na Finikudes. Ki ɗanɗani halumi, cukun madarar awaki da tumaki da ake gasawa ba ya narkewa, mai ɗan kama da wara amma ya fi gishiri. Kileftiko, naman rago da ake turarawa sa'o'i a tanderun ƙasa har ya saki ƙashi, sai a wurin da kika tabbatar da yankansa, kuma masu salla a babban masallacin da ke daura da tsohuwar ganuwar bakin teku za su iya nuna miki irin waɗannan wuraren.