Amsa ga mai tambaya kan sadakar masu kwana a titi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce duk Juma'a kina raba canji ga masu kwana a tasha da bakin masallaci, maigidanki kuma ya ce gara ki riƙa tara kuɗin kina kai wa masu kula da su, kin rasa wanda za ki bi. Ni dai ina bayan maigidanki, amma sai da na sha wuya kafin na gane haka.

Ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. A 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya koro mutane daga wajen Kolofata da Fotokol, wasu ba su samu wurin zama ba sai suka yi ta gangarowa kudu. Wani bawan Allah da 'ya'yansa biyu suka mai da rumfar shagona ɗakin kwana. Kullum na zo buɗewa sai in tarar ya naɗe kwalinsa ya jingina da bango, ya share mini ƙofa. In ba shi sefa 100, ya yi addu'a, raina ya yi fari. Kusan shekara 2 muna haka.

Wata safiya cikin hunturu na tarar da ƙaramin yana numfashi da ƙyar, jikinsa kamar garwashi, an rufe shi da buhun shinkafa. Ciwon haƙarƙari ne. A bencin asibiti na zauna na yi lissafi: abin da na ba uban ya kai jaka 60, wato sefa dubu 60. Ɗakin jaka 5 a wata, haya ce ta shekara guda cur. Kuɗin ya tafi a ƙosai da kunu, yaran kuma suna nan kan siminti. Wallahi ranar na ji kunyar kaina.

Daga nan mu 12 a layinmu muka buɗe asusu, kowa jaka 2 a wata, wasu kuma su ƙara da zakkarsu in shekara ta zagayo. Muka biya masa haya ta wata 6, muka saya masa kurar ruwa da jarkoki. Abin da ya fi ba mu wahala takardu ne. Yaran ba su da takardar haihuwa, kuma a nan Kamaru in lokacin rajista ya wuce sai an bi ta kotu, in babu ita yaro ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba. Wane canjin Juma'a ne zai yi wannan zirga-zirga?

Ba duka ne suka yi kyau ba. Akwai wanda ya sayar da kurar da muka ba shi cikin mako guda, ya koma tiramol da sholisho. Akwai kuma mai riƙon kuɗi da ya ci amana, shi ya sa yanzu mutum biyu ke sa hannu, komai a rubuce, haya kuma hannun mai gida muke kai ta. Don haka duk wanda za ki ba, kwamitin masallaci ne ko ƙungiyar mata, ki ce a nuna miki littafi, ki kuma taka da ƙafarki ki ga ɗakin da aka kama. In suna tsakani da Allah ba za su ji haushi ba.

Amma kada ki kori mai roƙo, Suratud Duha ta hana. Mai jin yunwa yau ba zai jira taron ƙarshen wata ba. Ki ba shi abinci ko bargo, ki tambayi sunansa da garinsu. Bayan ambaliyar Yagwa ta 2024, ta haka muka gano wata tsohuwa tana da ɗa a Ngaundere, kuɗin mota kawai ya hana ta isa gare shi.

In a Garwa kike, ki yi mini magana ta akwatin saƙo, zan haɗa ki da uwargidana. Ita ke riƙe da ɓangaren mata, kuma suna zama Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar.