Amsa: shafina yana buɗewa babu launi, babu hoto

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa shafinka da HTML da CSS (fayil ɗin da ke ba shafi launi da tsari), amma da ka danna index.html sau biyu sai ya fito fari fat, rubutu kawai.

Duba adireshin da ke saman burauzarka. Da file:// ya fara, ko? To a nan gizo ke saƙar. Idan ka rubuta /css/style.css, wannan sanda (/) ta farko tana nufin tushen shafin. Amma a file:// burauza tushen faifan kwamfutar take zuwa nema, kuma fayil ɗinka ba ya can.

Maganin shi ne ka tayar da ƙaramar saba, wato manhajar da ke miƙa wa burauza shafi, a kwamfutarka. In kana da Python 3, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, a foldar da index.html yake, ka rubuta python3 -m http.server 8000, sannan ka shiga localhost:8000 a burauza, wato adireshin kwamfutarka. A Windows galibi py ake rubutawa a madadin python3. Ba ruwanta da intanet, kuma Ctrl+C ke kashe ta. In ka gyara CSS ba ka ga canji ba, tsohon ne burauza ta riƙe, danna Ctrl+Shift+R.

In shafukan sun fara yawa, koma Hugo, manhajar da ke haɗa maka shafuka. Umarnin hugo server yana buɗe localhost:1313, kana ajiye gyara shafin na sabunta kansa. Jekyll, wata manhaja irinsa, ma yana da tasa sabar a localhost:4000, sai dai girka Ruby, yaren da yake aiki da shi, ciwon kai ne ga sabon shiga.

Kafin ka ɗora shafin a intanet, kula da sunayen fayil. Windows ba ta bambanta Logo.png da logo.png, amma sabar Linux tana bambantawa. Ka mayar da su duka ƙananan haruffa tun yanzu.