Lambar yabo tana durowa, amma babu ta a takardar sallama

FILIN TAMBAYA DA AMSA

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana ya tafi Amurka ta cacar biza, ya shiga sojan ƙasa na can, aka kai shi Iraƙi daga Oktoban 2006 zuwa Disamban 2007. An sallame shi a 2009, yanzu ya dawo gida. Da muka duba takardar sallamarsa, wadda suke kira DD 214, sai muka ga ba a rubuta wata lambar yabo da aka maƙala masa ba, ga ta nan kuwa cikin ɗan akwatinta a durowa. Haka kuma ya ji rauni a ƙafa sanda bam ɗin gefen hanya ya tashi da motarsu, ita ma wannan shiru. Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai ƙara su ba wanda zai gane. Shi kuma Yaya cewa yake shekaru sun ja, a bar maganar. Ina mafita?
Daga wani mai karatu, Hotoro

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, mu fara da mai shagon kwamfuta: kada ku ba shi takardar ko da zai duba ne. Kwafin DD 214 ɗin Yayanka yana fayil ɗinsa a Amurka, duk ma'aikatar da ya miƙa wa tasa da waccan za ta gwada. Aka ga harafi ɗaya ya bambanta, maganar ta tashi daga kuskuren akawu ta koma jabu, kuma yi wa gwamnatin Amurka ƙarya a takarda laifi ne da ɗaurinsa kan kai shekara biyar. Gyaran na gaskiya kuwa ko dala ɗaya ba a biya.

Lambobin yabo a gurbi na 13 ake jera su. Idan wuri ya ƙare, akawu kan ƙarasa a gurbi na 18, wajen ƙarin bayani. Ku fara leƙa can, don sau da yawa abin da ake kukan ya ɓata yana nan ƙasa cikin ƙananan haruffa. In babu, to sai a san wace irin lamba ce, domin kowacce da ƙofarta.

Ta durowar ita ce mai sauƙi. Yadda irin wannan ke faruwa shi ne: akawu ya riga ya buga takardar sallama, daga baya kwamanda ya sa hannu a kan yabon kammala aiki, aka maƙala wa mutum ranar bankwana, ya ɗauki jakarsa ya wuce, odar ba ta shiga fayil ba. Abin da za ku riƙe shi ne, ƙarfen da ƙyallensa ba hujja ba ne, tunda ana sayar da irinsu a shago. Hujja ita ce odar da aka bayar da lambar, mai ɗauke da lambarta da kwanan wata, ko satifiket ɗin da ya zo tare da ita, ko fom DA 638 da aka nema masa yabon da shi, wanda kwamanda ya amince a ƙarshensa. Yaya ya zazzage tsofaffin jakunkunansa. Satifiket ɗin galibi cikin wata koriyar ma'ajiya mai kauri ake bayar da shi.

Akwai kuma lambobin da ba sai wani ya yaba maka ba, zamanka a fagen daga ne ke ba ka su. Lambar yaƙin Iraƙi tana kan duk wanda ya yi kwana 30 a jere a can, ko kwana 60 a rarrabe, tsakanin 19 ga Maris, 2003 da 31 ga Disamba, 2011. An kasa yaƙin zango-zango, kowane zango da ɗan tauraron da ake ɗorawa a ƙyallen. Wani zango ya ƙare ranar 9 ga Janairu, 2007, sabo ya fara washegari, lokacin da aka ƙara tura dakaru. Ke nan bisa kwanakin da ka ba mu, taurari biyu Yayanka ya cancanta. Ku duba ko biyun aka rubuta masa. A nan odar tura shi Iraƙi da kwanakin da ke gurbi na 18 sun wadatar. Haka lambar da ake bai wa bataliya ɗungurungum: takan ɗauki shekaru kafin a amince da ita, ta fito bayan rabin mutanen sun tuɓe kaki, ba kuma wanda zai bi su gida ya sanar da su. Sai mutum ya nemo odar, ya nuna cewa yana cikin bataliyar a kwanakin da ta ambata.

Ta raunin, wato Purple Heart, ita ce mai aiki, kuma ita ta fi cancantar wahalar. Sharuɗɗanta uku ne: raunin ya zo daga hannun abokan gaba, ya kai a ce sai da jami'in lafiya ya yi masa magani, kuma an rubuta maganin a takardun asibitin soja. Na ukun nan ne ke kayar da mutane. Soja ya ji ciwo, aka ɗaure masa a cikin mota, ya ce ba komai don kada a ce ya yi raki, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Tabon da ke ƙafa yau ba ya faɗin ranar da aka ji shi, ba ya faɗin wanda ya jawo shi. Saboda haka ana son takardar asibiti ta ranar ko ta kwanakin da suka biyo baya, da rahoton harin in ya samu, da bayanin shafi guda na yadda abin ya faru, da rubutacciyar shaidar aƙalla mutum biyu da suke wurin, ban da shi mai neman. Shaidar da ta ce "jarumi ne, kowa ya sani" ba ta ƙara komai. Wadda ake so ita ce mai cewa rana kaza, a hanya kaza, ina mota ta biyu, na ga an yanke masa wando ana ɗaure ƙafar hagu. Tsofaffin abokan bataliya kuwa a Facebook aka fi samo su.

Ga yadda za ku bi. Kafin komai ya nemi cikakken fayil ɗinsa da takardun asibitinsa, ta cike fom SF 180 ko ta shafin intanet na hukumar adana tarihi ta Amurka. Cibiyar da ke amsa buƙatar fayil ɗin ita ce NPRC, ma'ajiyar bayanan tsofaffin sojoji, a birnin Sant Luwis na jihar Misuri. Za ku ci karo da labarin gobarar da ta tashi a can ranar 12 ga Yuli, 1973, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Kada ya tsorata ku. Ta shafi waɗanda aka sallama tun kafin a haifi Yayanka, nasa a kwamfuta yake.

Da fayil ya zo, sai ya rubuta wa sashen lambobin yabo na hukumar ma'aikatan sojan ƙasa, HRC, da ke Fot Noks a jihar Kentaki, ya haɗa da kwafin DD 214 da hujjojinsa. In sun gamsu, ko dai su fitar da DD 215, ƴar takardar gyara da ake haɗawa da ta asali, ko su sake buga masa sabuwar DD 214. Idan DD 215 ce, duk inda zai miƙa takardarsa biyun zai miƙa tare.

Sai sun ƙi ne ake zuwa kwamitin gyaran bayanan soja, ABCMR, da fom DD 149. Masu gaggawa kan tsallake matakin farko su tafi kwamiti kai tsaye, a dawo musu da takardunsu bayan watanni a ce su je su fara daga ƙasa. Wasiƙar ƙin da HRC ta aiko ita ce tikitin shiga, a adana ta. Kuma kada a ruɗe da DD 293; wancan na masu neman a sauya musu matsayin sallama ne, ba ruwansa da lambobin yabo.

Maganar Yaya cewa shekaru sun ja tana da tushe, amma ba ta rufe ƙofa ba. Doka ta ce a nemi gyara cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, ba daga ranar sallama ba, kuma ta ba kwamitin ikon yafe jinkiri idan adalci ya buƙaci haka. Akwai gurbi a fom ɗin da ake rubuta ranar da aka gano da dalilin jinkiri. Kada a bar shi fayau. A faɗi gaskiya a taƙaice: ya bar ƙasar, bai san ana gyarawa ba, sai bana aka lura.

Kwamitin fararen hula ne, aƙalla mutum uku ke zama a kan kowace buƙata, kuma mafi yawa daga takarda suke yanke hukunci, ba sai ya sayi tikitin jirgi ba. Sai dai ba sa fita neman hujja. A wurinsu abin da ke fayil daidai ne har sai ka nuna akasin haka. Don haka a rubuta buƙata a fili: a ƙara lamba kaza a gurbi na 13, bisa oda mai lamba kaza ta rana kaza. Dogon labarin wahalar Iraƙi ba ya maye gurbin wannan layin guda. Doka ta ɗora musu kammala kashi 90 cikin ɗari na buƙatu a wata 10, sauran kuma a wata 18, ko da yake akan zarce. A sa haƙuri.

Idan kuma akwai wata bajinta da ba wanda ya taɓa nema masa yabo a kanta, wannan ba gyara ba ce, sabon nema ne. Wa'adinsa shekara biyu ne daga ranar abin, in ya wuce sai ta hannun ɗan majalisar dokokin Amurka, a ƙarƙashin sashe na 1130 na kundin dokokin sojan Amurka. Hanya ce mai tsawo, ku fara da waɗanda kuke da hujjarsu.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata wa na gida aiki. Shi zai sa hannu da kansa. Ƙane ba ya sa wa mai rai hannu sai da takardar wakilci. Kwanan wata a fom DD 149 shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana, kamar 20070110. Suna a rubuta shi yadda yake a DD 214 harafi da harafi. In Mohammed ne a can, kada a mayar da shi Muhammad don haka yake a katin ɗan ƙasa. Takardun asali ba sa barin gida, kwafi ake aikawa, kuma a yi sikanin mai kyau, ba hoton waya da inuwar yatsa a gefe ba. Adireshin "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure" ba zai kawo wasiƙa daga Amurka ba, a karɓi akwatin gidan waya, a kuma ba da imel ɗin da yake buɗewa kullum.

Za ka iya cewa duk wannan don ɗan ƙarfe? Yawancin lambobin ba sa kawo ko sisi. Amma Purple Heart tana ɗaga mutum zuwa rukuni na 3 a jerin fifiko wajen samun kulawar asibitin tsofaffin sojoji, tana ba wanda ya same ta bayan 11 ga Satumba, 2001 cikakken tallafin karatu, kuma shaida ce mai ƙarfi idan ƙafar ta tashi daga baya yana neman diyyar nakasa.

TAMBAYA: Mahaifinmu ƙaramin soja ne a rundunar Najeriya, ya je Laberiya da Saliyo, ya yi ritaya da daɗewa. Takardar sallamarsa ba ta nuna lambar ECOMOG ba, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, abin yana damunsa, musamman in an zo faretin 15 ga Janairu, ranar tunawa da ƴan mazan jiya. Mun je wajen tantance ƴan fansho an ce ba aikinsu ba ne.
Daga wata mai karatu, Kurna

AMSA: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya suka faɗa muku. Hukumar fanshon soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja biyan kuɗi ne aikinta, da abin da aka aiko mata take aiki. Bayanan ƙananan sojojin ƙasa a Lokoja ake ajiye su, a hedikwatar adana bayanai da ke barikin Chari Maigumeri. Na hafsoshi kuma suna ofishin Sakataren Soja. Can takardarku za ta nufa.

Mabuɗin komai lambar aikin sojan Baba ce, ba ta yabo ba. Sunaye kan yi karo, musamman da yake da yawa sun shiga soja da sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, amma lamba ta mutum ɗaya ce. Ku zaunar da shi da biro da takarda: wace bataliya, wane wata suka tashi, yaushe suka dawo. Abin da zai fi taimakawa shi ne odar da sojoji ke kira Fat Tu, inda bataliya ke buga ƙarin girma, canjin wurin aiki, tafiya da dawowar kowane soja. In ya tuna shekarar, ya rage wa mai binciken fayil rabin aiki. A haɗa da satifiket ɗin lambar yabon in yana nan, da hotunan can masu rubutu a baya, da sunayen abokan tafiyarsa da lambobinsu.

Ku kuma tambaye shi wace hula ya sa. Dakarun ECOMOG sun sauka Monrobiya a Agustan 1990. A Saliyo kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tata rundunar a Oktoban 1999, wasu sojojinmu da ke can suka koma ƙarƙashinta, suka sa shuɗiyar hula. Lambar Majalisar daban take da ta ECOMOG, galibi bayan kwana 90 na aiki ake bayar da ita. Mai yiwuwa biyu ce ta ɓace masa, ba ɗaya ba.

Wasiƙar shafi guda ta isa, da Turanci, Baba ya sa hannu ko ya dangwala. Ku biya ta ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijon reshen Kano su rubuta muku ta rakiya, sannan ku nemi jagora a hedikwatar Birged ta 3 da ke barikin Bukavu kan yadda za a tura ta. Ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi gida, da shi za ku bi sawu. Idan sunan Baba a takardar sallama ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, ku yi rantsuwar kotu tun kafin ku fara. Takardar asalin kuma kada a manne ta da leda, don ba a iya rubutu ko buga hatimi a kan wadda aka manne. A sa ta a fayil ɗin roba, a ɗaga ta sama inda gara da damshin damina ba za su kai ba.