Ejan ya ce in cika miliyan biyar a ba ni takardar aikin Ingila

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ina zaune a Kano, ina da difloma a harkar kasuwanci, matata kuma nas ce mai rajista, shekararta huɗu tana aiki a asibitin gwamnati. Wani ejan da abokina ya haɗa mu ya ce zai samo mini aikin kula da tsofaffi a Ingila, kamfanin zai ba ni takardar da ake kira CoS a kan naira miliyan takwas. Na sayar da filina na ba shi miliyan uku, fasfona ma yana hannunsa. Yanzu ya matsa in cika sauran kafin ƙarshen wata, wai gurbin zai wuce ni. In cika ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara masa ko sisi, kuma ka je ka karɓo fasfonka tun kafin a fara maganar kuɗi. Abin da yake son sayar maka babu shi. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje. Waɗanda aka bar wa dama har zuwa Yulin 2028 su ne mutanen da suka riga suna cikin ƙasar, masu sabunta biza ko sauya ta. Kai kana Kano, don haka ko da kamfanin na gaske ne, ba shi da ikon ɗauko ka a wannan gurbi.

Bari in yi maka bayanin ita CoS ɗin, domin rashin sanin mece ce ita shi ke sa ake cin kasuwar mutane. Ba takarda ba ce mai hatimi da za a miƙa maka a ambulan. Lamba ce da kamfanin da ya ɗauke ka aiki yake fitarwa a na'urar Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, ɗauke da sunanka, da irin aikin, da albashin da za a biya ka. Kamfanin da yake da lasisin ɗaukar nauyin baƙin ma'aikata kaɗai ke iya fitar da ita, kuma sunayen masu wannan lasisi suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya, gov.uk, kowa na iya dubawa kyauta daga wayarsa. Idan ta fito, wata uku gare ka ka nemi biza da ita. Kuɗinta fam 525 ne tun Afrilun 2025, kuma kamfani ne ke biya. Daga 31 ga Disamban 2024 an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi, wanda ya yi hakan yana iya rasa lasisinsa. To ka ga duk wanda ya yanka maka miliyoyi a kanta, ɗayan biyu ne: ko takardar jabu ce, ko kamfanin yana karya doka. A hali na biyu ma kai ne a ƙasa. Idan aka soke lasisin kamfani, ana rage bizar ma'aikatansa zuwa kwana 60, ko su sami wani mai ɗaukar nauyi ko su tattara su koma gida. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 an soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Da yawansu sun sayar da gida da gona kamar yadda ka sayar da filinka, suka isa can babu aiki.

Fasfon nan ya fi damuna a kan miliyan ukun. Idan ejan ya shigar da neman biza da sunanka ya haɗa da takardun ƙarya, doka ba za ta tambayi wa ya buga su ba, sunanka ne a kai. Hukuncin yaudara a neman biza yana kai wa ga hana mutum shiga Birtaniya har shekara 10, kuma ƙasashe da yawa in ka nemi biza bayan nan za su tambaye ka ko an taɓa hana ka. Kuɗi ana mayar da shi, wannan tabo kuwa yana daɗewa.

Game da kuɗinka, kana da hanya biyu kuma kana iya bin su tare. Kafin komai, tattara shaidarka: rasidin tura kuɗi na banki, saƙonnin WhatsApp, muryoyin da ya turo, hoton duk takardar da ya nuna maka. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan shaida, kuma a kan nemi bayanin na'urar da ta fito daga ciki. Daga nan lauya ya rubuta masa wasiƙar neman a mayar da kuɗi cikin wa'adi. Ka biya don a yi maka abu, abin ba zai yiwu ba, saboda haka kana da haƙƙin ƙarar neman kuɗinka. Hanya ta biyu ita ce ta laifi. Karɓar kuɗi da ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20, kuma kana iya kai ƙorafi a rubuce ga EFCC ko 'yan sanda. Ka tambaye shi kuma ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, don Dokar Ƙwadago ta wajabta shi ga mai ɗaukar mutane aikin ƙasar waje. Na san za a shigo da abokinka da manya a ce a yi sulhu. Sulhu alheri ne, amma a rubuta shi, da ranakun biya da shaidu, kuma kada ka sa hannu kan cewa ka yafe komai kafin kuɗin ya shigo asusunka.

Yanzu ga abin da ejan bai gaya maka ba, domin babu ribarsa a ciki: mai ɗakinka ce ke da hanyar gaskiya. Bizar ƙwararrun ma'aikata ta yi wa mai difloma nisa, an mayar da ita ga ayyukan matakin digiri, mafi ƙarancin albashi kuma fam 41,700 a shekara. Amma nas mai rajista tana shiga ta bizar ma'aikatan lafiya, ana auna albashinta da ma'aunin albashin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, ba ta biyan harajin lafiya na fam 1,035 a shekara da sauran baƙi ke biya, kuma tana da ikon tafiya da mijinta da 'ya'yanta. Masu kula da tsofaffi an hana su tafiya da iyali tun Maris na 2024. Miji da ya shiga ta wannan hanya yana da izinin yin aiki.

Hanyar tana da wahala kuma tana cin lokaci. Za ta ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ta nemi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, ta rubuta jarrabawar kwamfuta a nan gida, sannan ta yi jarrabawar gwaji da hannu bayan ta isa can. Ku lura da abu guda: Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka Birtaniya ta hana asibitocinta da ejan-ejan zuwa farautar nas a nan. Abin da aka halatta shi ne ita da kanta ta nemi aikin kai tsaye a shafin asibitin. Duk wanda ya zo ya ce shi wakilin NHS ne a Kano, kun san matsayinsa.

Idan ta sami aiki, za ku yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, ta nuna fam 1,270 da suka kwana 28 a asusu sai in asibitin da ya ɗauke ta aiki ya ɗauki nauyin hakan, kai kuma a nuna fam 285, ɗan farko fam 315. Ku nemi takardar shaidar aurenku tun yanzu, kuma ku tabbatar rubutun sunanku da ranar haihuwa iri ɗaya ne a fasfo, da takardun makaranta, da takardar auren. Ranar da za ku cike fom ku sake duba adadin kuɗaɗen a gov.uk, domin kusan kowace shekara ana taɓa su.