Mijina ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu yana bakin aiki. Yaya zan karɓi haƙƙinsa?

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Haƙƙi biyu ne, kada ki bari ɗaya ya salwanta. Na farko kuɗin da ke asusun fanshonsa. Ki je kamfanin fanshon da ya yi rajista da shi da takardar shaidar rasuwa da takardar Babbar Kotu mai ba da ikon kula da dukiyar mamaci. Ita wannan takardar ce ke jan lokaci, don haka ki fara da ita. Na biyu inshorar rai: dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aiki yi wa ma'aikaci inshorar da ta kai aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Wannan a ofishinsa za ki nema. Idan aka yi miki jan ƙafa, ki kai ƙara wurin PenCom, wato hukumar kula da harkokin fansho ta Najeriya.