Malamin Roma da ya ƙi bulala

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce. Wani abokin aikina ya ce tun zamanin Romawa yaro ba ya karatu sai da bulala, kuma babu masanin da ya taɓa musanta haka. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, farkon maganarsa gaskiya ne. Duka ruwan dare ne a makarantun Roma, har mawaƙi Horas ya riƙa tuna malaminsa Orbiliyus da laƙabin mai yawan duka. Amma cewa babu wanda ya musanta, wannan kuskure ne, domin akwai Kwintiliyan.

An haife shi a Kalaguris, cikin Sifen ta yau, wajen shekara ta 35 Miladiyya. Ya yi shekara 20 yana koyar da fasahar magana a Roma, kuma a zamanin Sarki Besfasiyan aka yanka masa albashi daga baitulmali. Bayan ya ajiye aiki, ya rubuta Institutio Oratoria wajen shekara ta 95, littafi mai juzu'i 12 kan yadda ake renon mai jawabi tun daga goyo. A juzu'in farko ya ce bai yarda a doki ɗalibi ba sam, alhali ya san babban masani irin Kirisifus bai ga laifin hakan ba.

Hujjojinsa na mutumin da ya daɗe a cikin aji ne. Ya ce yaron da faɗa bai gyara shi ba, duka taurin kai zai ƙara masa. Ya ce da malami zai tsaya kan yaro yana bibiyar aikinsa, da ba a kai ga bulala ba, amma sai a yi sakaci da shi, sannan a hukunta shi kan abin da ba a tsaya an koya masa ba. Ya kuma yi tambaya: in ka saba tilasta yaro da duka, me za ka yi ran da ya zama saurayi, ya fi ƙarfin bulala, ga karatun ya ƙara nauyi?

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya lura cewa zafi ko tsoro kan sa yaro ya yi abin kunya a gaban 'yan'uwansa, kunyar nan ta karya masa zuciya har ya riƙa gudun mutane. Ya kuma gargaɗi iyaye cewa mugun malami kan fake da ikon duka ya ci zarafin yara.

Abu ɗaya ban bi shi ba: ya ce duka ya dace da bayi ne, wato bai ga aibun dukan bawa ba. Wannan tabon zamaninsa ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Abin da ya ba da shawara a madadin bulala mai sauƙi ne: yabo, gasa tsakanin yara, hutu, da haruffan hauren giwa da ƙaramin yaro zai riƙe yana wasa da su yana kiran sunayensu. Ya kwatanta ƙwaƙwalwar yaro da tulu mai ƙaramin baki, wanda in an kwarara masa ruwa zai zube, sai an bi a hankali yake cika. Ki nuna wa abokin aikinki babin da ya yi maganar duka, Malama, na uku ne a juzu'in farko.