Rezo ba ya hawa sama, na fara zargin uwargida

Assalamu alaikum Tanti, ina gaishe ki da aiki. Ni matar aure ce a unguwar Bobiyel a nan Yamai, muna zaune a gidan bene, uwargida da yaranta a ƙasa, ni kuma a sama. Maigida ya sa mana wifi, aka ajiye akwatin a falon ƙasa cikin kabad ɗin tele. Ina sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, amma a ɗakina hoto ba ya tafiya, kiran bidiyo da mahaifiyata da ke Tawa kuma sai ya yi ta yankewa, alhali yaran ƙasa suna kallo ba tsayawa. Wata ƙawata ta ce ana iya rage wa mutum rezo da gangan, tun daga nan zuciyata ta fara zargin uwargida, har gaisuwarmu ta yi sanyi. Maigida ya ce zai ƙara kuɗin wata a samu mai ƙarfi. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƴarki daga Bobiyel

Wa alaikumus salam ƴata. Kafin komai, ki ɗauki wayarki ki tsaya kusa da akwatin ki aika hoto. Gaskiya ne ana iya rage wa wata waya gudu daga cikin saitin akwati, amma ragin yana bin wayar duk inda ta je a gidan, don haka idan hoton ya tafi nan take a falon ƙasa, babu wanda ya taɓa ki, kuma ya kamata ki sauke wannan zargi tun bai zama gaba ba. Idan a nan ma bai tafi ba, to a gwada wayar uwargida a wuri ɗaya. In ita ma ta yi nauyi, matsalar daga layin da ke shigowa gidan take.

Abin da na fi kyautata zato shi ne rufin da ke tsakaninku. Benayen Yamai da siminti da ƙarfen rodi ake zuba su, kuma waɗannan biyun suna shanye siginar wifi fiye da ƙofar katako nesa ba kusa ba. Sannan an kulle akwatin cikin kabad a bayan tele, ya rasa ƙarfi tun kafin ya bar falon. Shi ya sa ƙarin kuɗin wata ba zai amfane ki ba, domin intanet ɗin yana isowa gidan, hawa sama ne ya gagare shi.

Ku fara da abin da ba ya cin ko dala. A fitar da akwatin a ɗora shi a wuri mai tsayi kusa da matakala, nesa da firiji da madubi, tunda ta ramin matakala ne sigina ke samun hanyar da babu siminti. Idan yana da eriya biyu, a bar ɗaya a tsaye a kwantar da ɗaya, saboda eriyar da ke tsaye gefe-gefe take watsawa, kwantacciyar kuwa tana aikawa sama da ƙasa. Idan kin ga sunan wifi biyu a wayarki, ki zaɓi na 2.4 GHz a ɗakinki. Na 5 GHz ya fi gudu amma bango ya fi saurin kashe shi.

In hakan bai isa ba, shawarata ita ce a ja waya. Maigida ya sa mai gyara ya jawo wayar intanet irin Cat6 daga akwatin ƙasa, ta bi matakala ko bayan bango cikin bututu saboda zafin rana, a haɗa ta da akwati na biyu a sama. Wannan waya tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, kuma a ba akwatin na sama suna da lambar sirri iri ɗaya da na ƙasa, domin wayarki ta riƙa kama wanda ya fi kusa.

Masu shago za su nuna muku ƙaramar na'urar ƙara nisan rezo da ake sokawa a bango. Tana da arha, amma sau da yawa tana rage gudu kusan rabi, kuma in an soka ta a ɗakinki raunin da ta tarar shi za ta maimaita. Wurinta tsakiyar matakala ne. Na'urorin CPL, masu kai intanet ta cikin wayar lantarkin gida, su ma suna aiki, sai dai in sama da ƙasa ba mitar lantarki ɗaya suke ba, ko wani sashe yana kan sola, ban ba ku shawarar sayensu ba.

Tunda akwatin a falon uwargida yake, kada a matsar da shi ba da saninta ba. Ki sauka ki gaishe ta yadda kika saba, ki gaya mata cinikinki ne ke tsayawa, sannan ku kai wa maigida maganar jan wayar tare.

Tantinku